Tsiro ɗaya a nahiyoyi uku: ta yaya ake auna bambancin ƙwayoyin gadonsa?

Ɗalibar_Tsirrai ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai. Ina neman shawararku kan tsarin wani bincike. Tsiron da ake magana a kai ciyawar bakin ruwa ce mai shekaru, tana yaɗuwa ta iri, tana kuma yaɗuwa ta saiwar da ke rarrafe a ƙarƙashin ƙasa. Ana samunta a Afirka da Asiya da Amurka, kuma littattafan rarrabe tsirrai sun ba ta suna ɗaya a ko'ina. Sai dai wadda ke Amurka ta fi tsayi da faɗin ganye, ta Asiya kuma ta fi saurin yin fure.

Abin da kuɗin binciken zai iya ɗauka shi ne faranti uku na ɗakin gwaji masu ramuka 96, wato samfur 288 ke nan gaba ɗaya. Tsarin da ke kan takarda yanzu shi ne a zaɓi babbar fadama ɗaya a kowace nahiya, a ɗebo ganye 96 daga cikinta, a karanta guntayen DNA biyu da ake kira rbcL da matK, sannan a lissafa Fst, ma'aunin bambancin gado, tsakanin nahiyoyin.

Shin wannan rabon ya yi daidai? Waɗannan alamomi biyu za su wadatar? Abin da ya fi damuna kuma shi ne, idan sakamako ya fito, ta yaya za a gane ko ciyawar ta daɗe a kowace nahiya tun fil azal, ko teku ne ya kai ta, ko kuwa mutane ne suka ɗauke ta a ƙarnukan baya-bayan nan? Allah ya saka da alheri.

Mai_Tattara_Samfur ya amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Rabon nan shi ne abu na farko da za a rushe, kuma gara a rushe shi tun yana kan takarda. Fadama ɗaya a kowace nahiya na nufin gungu uku kacal kike da su. Duk bambancin da kika gani tsakanin ta Afirka da ta Asiya, ba ki da hanyar sanin ko na nahiya ne ko na fadamar da kika faɗa ciki ne, domin fadamu biyu a cikin Afirka ɗaya ma suna iya bambanta haka ko fiye. Kafin a ce nahiyoyi sun bambanta, sai an san iya bambancin da ke tsakanin gungu da gungu a cikin kowace nahiya, shi ne ma'aunin da ake gwada ɗayan da shi.

Ga yadda zan raba ramukan 288. A kowane faranti ki bar rami ɗaya babu DNA don kama gurɓata, sun zama 3. Ki ware 15 don maimaita wasu samfuran, a ciro DNA ɗinsu sau biyu daban-daban, a ba su lambobin da mai aikin ɗakin gwaji ba zai gane tagwaye ba ne. Saura 270. Idan da dubban alamomin SNP, wato wuraren da harafi ɗaya na DNA ke bambanta, za a yi aikin, ki yi gungu 27 masu tsiro 10 kowanne, tara a kowace nahiya, ki baza su daga bakin iyakar yaɗuwar tsiron zuwa wancan bakin, a koguna daban-daban. Idan kuwa SSR ne, wato gajerun guntayen DNA masu maimaita kansu, guda goma ko sha biyar, kowane gungu yana buƙatar tsiro 25 zuwa 30, sai ki tsaya a gungu tara ko goma, uku a nahiya. Ni na fi son na farkon nesa ba kusa ba.

Dalilin 30 ɗin nan lissafi ne mai sauƙi. Tsiro mai ninkin kuromosom biyu yana ɗauke da kwafi biyu na kowace ƙwayar gado, don haka tsiro 30 kwafi 60 ne. Sigar ƙwayar gadon da yawanta a gungu kashi 5 cikin 100 ne, yiwuwar ta kuɓuce miki ita ce 0.95 a ninka ta a kanta sau 60, wato kusan 0.046. Kin kama ta da yiwuwar kashi 95 ke nan. Da tsiro 10 yiwuwar ta sauka zuwa kashi 64. To amma idan tsiron mai barbarar kansa ne, kwafin nan biyu kusan iri ɗaya ne, sai tsiro 30 su zama kwafi 30, yiwuwar ta koma kusan kashi 79, kuma sai kin kai tsiro 59 kafin ki dawo kan 95.

Sai babbar matsalar ciyawarki: saiwa. Kara 96 a fadama ɗaya suna iya zama tsiro ɗaya tilo da ya mamaye wurin. Kada ki raina iya faɗin da hakan ke kaiwa. Kurmin nan na itacen Populus tremuloides da ake kira Pando a jihar Utah ta Amurka ya kai kimanin hekta 43, da gangar jiki fiye da 40,000, kuma duk tsiro ɗaya ne. A fili ki bar tazarar aƙalla mita 10 tsakanin samfur da samfur, idan wurin ya ba da dama ki kai 30, ki rubuta GPS na kowanne. Ko da haka sai an tace a kwamfuta, a haɗa waɗanda tsarin gadonsu ya zo ɗaya a bar guda. A nan ne tagwayen 15 za su yi miki rana: bambancin da ya fito tsakanin kwafi biyu na ganye ɗaya kuskuren na'ura ne, duk samfur biyun da bambancinsu bai wuce wannan ba ki ɗauke su tsiro ɗaya. Ki kawo lissafi biyu a rahoto, kafin tacewa da bayanta, don yawan 'ya'yan saiwa ɗaya a kowace nahiya shi kansa sakamako ne.

Batun busarwa. Ki tsinki ɗanyen ganye mai lafiya, wanda ba shi da tabon naman gwari ko cizon ƙwari, kamar santimita 5 zuwa 10 murabba'i, ki yayyanka shi ƙanana, ki sa a ƙaramin ambulan na takarda, ki tura cikin leda mai zif da silika. Nauyin silika ya ninka na ganye sau 10. Ana so ya bushe ƙarau cikin awa 24. Idan silikar ta sauya launi, shuɗiya ta koma ruwan hoda ko ruwan lemo ta koɗe, ki sauya ta nan take. Ganyen da ya kwana uku yana laushi a leda ya riga ya fara ruɓewa, DNA ɗinsa zai fito guntu-guntu, kuma rabin abin da za ki karanta na ƙwayoyin cuta ne.

Daga kowane gungu ki danne cikakken tsiro ɗaya mai fure ki kai ma'ajiyar busassun tsirrai, da lambarsa. Idan daga baya wani gungu ya fito daban da kowa, wannan ne kaɗai zai nuna ko wani jinsi aka tsinko bisa kuskure. Takardun izini kuma ki fara nemansu yanzu. Yarjejeniyar Nagoya ta fara aiki a 2014, kuma ƙasashe da dama ba sa barin ko busasshen ganye ya fita don binciken gado sai da izinin hukuma da yarjejeniyar mallakar samfur a rubuce.

Dakta_Ɗakin_Gwaji ta amsa:

Na yarda da rabon da Malam ya kawo. Zan ɗauki batun alamomi, 'yar'uwa, don rbcL da matK ba za su amsa tambayarki ba. An zaɓe su a 2009 don bambance jinsi da jinsi, kuma ko a wannan aikin sukan gaza tsakanin dangi na kusa. A cikin jinsi ɗaya abin da ya fi yiwuwa shi ne samfur 270 su fito da jeri ɗaya ko biyu, ki ce babu bambanci, alhali alamar ce ba ta gani.

Sannan dukansu biyu na kuloroplas ne, koren sashen ƙwayar tsiro mai DNA nasa na kansa. A yawancin tsirrai masu fure kuloroplas ta wajen uwa ake gadonsa, ta cikin iri, ba ya bin garin fure, kuma ba ya cakuɗuwa. Duk tsawonsa, harafi dubu 120 zuwa 160, tamkar alama ɗaya ce mai ba da labarin inda iri ya bi. DNA na cibiyar ƙwaya shi ke ɗauke da labarin iri da na garin fure tare. Shi ya sa bambancin gungu a kuloroplas yakan ninka na cibiya kusan sau uku. Ana buƙatar duka biyun, kuma saɓaninsu yakan zama mafi amfanin abin da aka gano: kuloroplas na Asiya a cikin tsiron da cibiyarsa ta Amurka ce yana nuna an yi barbara tsakanin baƙo da ɗan gida, kuma baƙon shi ne uwa. Ga mai aiki da itatuwan dangin Pinus abin a juye yake, ta wajen uba suke gadon kuloroplas.

Kafin ki kashe ko sisi a kan karanta DNA, ki auna ninkin kuromosom. Tsayi da faɗin ganyen da kika ambata a ta Amurka su ne suka sa na fara da wannan zargin. Phragmites australis, ciyawar da ta fi kama da taki kuma ake samu a kowace nahiya ban da Antaktika, tana da ninki daga uku har zuwa goma sha biyu, waɗanda suka fi yawa su ne mai ninki huɗu da kuromosom 48 da mai ninki takwas da 96. Idan aka zuba masu ninki daban a lissafi ɗaya, mai ninki takwas zai fito da sigogi masu yawa a kowane wuri don kawai kwafinsa sun fi yawa, sai a ce nahiyarsa ce ta fi arzikin gado. Ana aunawa da na'urar fulo-saitomita: a daddatsa kamar santimita ɗaya murabba'i na ɗanyen ganye da reza a cikin ruwan gwaji mai sanyi, tare da ganyen da aka san yawan DNA ɗinsa, misali Pisum sativum mai pikogiram 9.09 ko tumatir mai 1.96, a tace, a rina da propidium iodide. Tsiro uku zuwa biyar a kowane gungu sun isa a fara. Ɗanyen ganye ya fi, don haka ki karɓi iri ki shuka idan samfurin daga nesa zai zo.

Phragmites ɗin nan darasi ne a wata fuskar ma. A 2002 Kristin Saltonstall ta karanta guntaye biyu na kuloroplas da ke tsakanin ƙwayoyin gado, trnT-trnL da rbcL-psaI, a samfuran duniya da kuma tsofaffin samfuran ma'ajiya. Ta nuna cewa Amurka ta Arewa tana da zubinta na asali, amma wani zubi da ta kira M, mai tushe a Turai da Asiya, wanda kafin 1910 a 'yan wurare kaɗan ake ganinsa, ya mamaye yankin bayan 1960, har ya kawar da 'yan gida a wasu sassan gabar Atlantika. Suna ɗaya, nahiya ɗaya, tarihi biyu. Ki sa a ranki cewa "ta Amurka" ɗinki ma tana iya zama biyu.

Abin da zan ba da shawara: ddRAD, hanyar yanka DNA da enzayim biyu a karanta guntayen, don cibiya, da karatun DNA sama-sama a kan samfur 30 zuwa 40 don haɗa cikakken kuloroplas. Mai ninki biyu yana son zurfin karatu aƙalla 10 a kowane wuri, mai ninki huɗu yana son ninki biyu ko uku na hakan kafin a iya bambance AAAB da AABB, wato yawan kwafin kowace siga a cikin huɗun.

Akwai tarkuna uku da suka keɓanta da aikin nahiyoyi. Idan firaimar SSR, guntun da ke kama wurin da za a kwafa, ko jerin SNP an ƙirƙire su ne daga samfuran nahiya ɗaya, an zaɓi wuraren da ke bambanta a can ne, sai wannan nahiyar ta fito da mafi yawan bambanci ko da ba haka abin yake ba, a sauran kuma firaima ta riƙa kasa kamawa, tsiro mai sigogi biyu ya fito kamar mai ɗaya. Haka jerin DNA na madogara: samfuran da suka yi nisa da shi karatunsu ba ya zama da kyau, sai giɓinsu ya yi yawa. Na ukun shi ne ya fi ɓata aiki, kuma shi ya fi sauƙin kaucewa: kada ki taɓa sa Afirka a faranti na ɗaya, Asiya a na biyu, Amurka a na uku. Kowane faranti yana da ɗan halinsa na zurfin karatu da girman guntaye, kuma kwamfuta za ta nuna miki rukuni uku masu kyaun gani waɗanda na faranti ne. Ki gauraya su da ƙuri'a, kowace nahiya ta samu kashi ɗaya cikin uku a kowane faranti.

Ɗalibar_Tsirrai ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam da Dakta. An karɓi tsarin 27 sau 10. Dakta, DNA ɗin gwajin farko yana fitowa ruwan ƙasa-ƙasa, mai yauƙi, ma'aunin tsabta na 260/230 bai kai 1.2 ba. Mene ne gyaransa? Tambayata ta uku kuma tana nan, ta yadda za a karanta tarihi daga sakamakon.

Dakta_Ɗakin_Gwaji ta amsa:

Launin daga sinadaran fenol ne da suka sha iska suka manne wa DNA, yauƙin kuma dogayen sukari ne, kuma dukansu suna hana enzayim yanka. Ki rage ganye tukuna, miligiram 15 zuwa 20 na busasshe ya isa, cika bututu shi ke jawo rabin matsalar. Bayan niƙa, ki wanke garin kafin CTAB, sinadarin ciro DNA, da ruwan sobitol: sobitol 0.35 M, Tris-HCl 100 mM a pH 8, EDTA 5 mM, PVP kashi 1, da mercaptoethanol kashi 1 da za a zuba a ranar. Ki girgiza, ki juya a na'ura minti 5, ki zubar da ruwan sama, ki maimaita har ya daina yauƙi, yawanci sau biyu ko uku.

Daga nan CTAB kashi 2, NaCl 1.4 M, Tris 100 mM, EDTA 20 mM, a digiri 65 na minti 45 zuwa 60. Idan yauƙin ya ƙi tafiya ki ɗaga gishirin zuwa 2 M. Kulorofom da isoamyl 24 bisa 1 sau biyu, kuma ki bar ɗan ruwa a saman farin layin tsakiya, kada ki bi shi har ƙarshe. Isopropanol kashi biyu cikin uku na yawan ruwan, awa ɗaya a sanyi ya isa, kwana a firiza yana saukar da sukarin tare da DNA. Wanki biyu da ethanol kashi 70. Ana neman 260/280 kusa da 1.8, 260/230 kuma daga 1.8 zuwa sama. Yawan DNA ki auna da na'urar Qubit, domin na'urar NanoDrop yana ƙirga RNA da datti a ciki, ya ba ki adadin da ya zarce gaskiya.

Malamin_Gado ya amsa:

Malama, tambayarki ta uku ita ce zuciyar aikin, kuma Fst kaɗai ba zai amsa ta ba. Fst na Sewall Wright yana faɗin kason bambancin da ke tsakanin gungu ne kawai, ba ya faɗin dalili. Abin da ya fi ɗaga shi ma sau da yawa yanayin haihuwar tsiron ne, ba faɗin teku ba. A tarin binciken da Hamrick da Godt suka haɗa, tsirrai masu barbarar kansu kusan rabin bambancinsu yana tsakanin gungu ne, masu barbara ta iska kuwa kusan kashi 10 kawai. Sannan yana da rufi: idan bambancin cikin gungu ya kai 0.8, kamar yadda SSR kan bayar, Fst ba zai wuce 0.2 ba ko da gungun ba su haɗa siga ko ɗaya ba. Ki kawo ma'aunin D na Jost ko G'st na Hedrick a gefensa, ki yi AMOVA, lissafin raba bambancin gado, mai hawa uku, nahiya da gungu da tsiro. Kuma ki bar tsohon lissafin nan da ke juya Fst zuwa adadin masu ƙaura a kowane zamani, sharuɗɗansa ba sa cika tsakanin nahiyoyi.

Kowane tarihi yana barin sawunsa. Idan rabuwar tsohuwa ce, kowace nahiya za ta kasance da reshenta a bishiyar dangantaka, da sigogi masu yawa da babu su a ko'ina, da tsari a cikinta, wato gungu na kusa sun fi kama da juna. Idan ƙaura ɗaya ce aka yi ta nesa, sigogin sabuwar nahiya za su zama ɗan yanki daga na tsohuwar, reshenta yana cikin reshen waccan, kuma sigogin da ba su da yawa su ne suka fara ɓacewa. Don haka ki fi duba yawan sigogi bayan an daidaita girman samfur, ya fi saurin nuna tsukewar tushe. Idan kuwa mutane ne suka yi ta kaiwa sau da yawa, za ki ga zubi daga wurare masu nisa da juna zaune a fadama ɗaya, tsari kuma babu.

Rabuwar nahiyoyi ita ce bayanin da ya fi zuwa baki, kuma ita ce ta fi ƙarancin zama gaskiya a cikin jinsi ɗaya. Afirka da Amurka ta Kudu sun rabu kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce. Rimi, Ceiba pentandra, yana gaɓoɓin biyu, amma binciken 2007 ya tarar DNA ɗinsa na Afirka kusan ɗaya ne da na Amurka, sauran danginsa na Ceiba kuma duk a Amurka suke. Tsallaka Atlantika ya yi, daɗewa bayan tekun ya buɗe. Duma ma misali ne mai kyau, har da gargaɗi a ciki. An same shi a wuraren tonon tarihi na Amurka tun kimanin shekara 10,000. Binciken 2005, da 'yan alamomi kaɗan na kuloroplas, ya danganta shi da na Asiya. Binciken 2014, da harafi sama da 80,000 na kuloroplas, ya nuna ya fi kusa da na Afirka, kuma igiyar teku tana iya kai shi cikin kimanin wata tara, irinsa yana da rai. Tsawon abin da aka karanta ne ya juya hukuncin.

Ga lissafin da ke nuna dalili. A Arabidopsis thaliana an auna sauyin gado kimanin 7 cikin biliyan ɗaya a kowane harafi a kowane zamani. Ki ɗauki guntu mai harafi 2,000 a zuriya biyu da suka rabu shekara 400, zamani ɗaya a shekara: sauyin da ake sa ran gani 0.01 ne. Bayan shekara 40,000 ya kai kusan 1. Kuloroplas ya fi haka jinkirin sauyawa, tsiro mai shekaru kuma ya fi jinkiri. To rashin bambanci a ɗan guntu ba ya raba zuwan jirgin ruwa da zuwan igiyar teku ta dubban shekaru. Sai dubban SNP da kwatanta tsare-tsaren tarihi a manhaja irin su fastsimcoal ko DIYABC, kuma shekarun da za su ba ki ki kawo su da faɗin kuskurensu, tunda tsawon zamani a ciyawar da ke rayuwa ta saiwa ƙiyasi ne.

Kada kuma ki ɗauka baƙo kullum talaka ne a gado. Eichhornia crassipes, mai shuɗin furen nan da ke toshe tafkuna, daga yankin Amazon ta fito, kuma a wajen gidanta kusan kashi 80 na gungun da aka bincika tsiro ɗaya ne a kowannensu. Reynoutria japonica a Birtaniya mace ɗaya ce ta yaɗu ta saiwa. Amma Plantago lanceolata da Phalaris arundinacea an tarar bambancin cikin gungunsu ya fi yawa a inda aka kai su, saboda an yi ta kaiwa daga sassan Turai daban-daban suka gauraya. Wannan ne ya sa "inda bambanci ya fi yawa nan ne asali" ba hujja ba ce ita kaɗai.

Game da STRUCTURE da ADMIXTURE, manhajojin raba samfura rukuni-rukuni: suna ɗauka ana barbara barkatai a cikin rukuni, abin da ciyawar saiwa ba ta yi, hanyar Evanno ta zaɓen yawan rukunin kuma ba ta iya cewa rukuni ɗaya ne, tana yawan tsayawa a biyu. Ki fara da PCA, zanen da ke nuna kusancin samfura, ki nuna K, wato yawan rukuni, daga 2 zuwa 8 duka, kada ki zaɓi wanda ya dace da taswira.

Mai_Tattara_Samfur ya ƙara:

Allah ya gafarta Malam, a kan raba shekara 400 da 40,000 akwai hanya mai araha da ba ta jiran manhaja: ma'ajiyar busassun tsirrai. Kowane samfur yana da shekara da wuri a jikinsa. Idan tsofaffin samfuran wata nahiya duk daga tashoshin jiragen ruwa suke, sannan suka bazu ciki a shekarun baya, an ga hanyar da ido. DNA ɗinsu guntaye ne, sau da yawa ƙasa da harafi 100, don haka ddRAD ba ya yi musu, amma karatun sama-sama yana fitar da kuloroplas. A yi aikinsu a ɗakin da ba a taɓa yin PCR, wato ninka kwafin DNA, na wannan tsiron ba. Malama, ki cire 20 daga kason kuloroplas ki ba tsofaffin samfura.

Mai_Lambun_Gwaji ya amsa:

Malama, saura tsayi da saurin fure da kika fara da su. Alamomin da aka lissafa a sama yawancinsu ba ruwansu da siffa, tarihi suke faɗa. Ana iya samun Fst ƙarami da siffa mai bambanci sosai, ana iya samun akasin haka. Trifolium repens ɗan asalin Turai ne, yana fitar da gubar sayanayid idan yana da ƙwayoyin gado biyu, Ac da Li, a tare. Tun 1954 Daday ya nuna masu gubar sun fi yawa a inda hunturu ba shi da tsanani, suna raguwa zuwa wurare masu sanyi, kuma wannan tsarin ya sake kafuwa a nahiyoyin da aka kai tsiron cikin 'yan ƙarnuka. Ƙwayoyin gado biyu ne suka motsa, sauran DNA bai nuna wannan tsarin ba.

Don sanin ko tsayin ta Amurka na gado ne ko na ƙasa da ruwa, sai lambun bai-ɗaya. Ki karɓi iri daga uwa 10 zuwa 15 a kowane gungu, kowace uwa a ambulan ɗinta. Ki auna nauyin irin, domin uwar da ta ci da kyau tana ba da iri mai nauyi, 'ya'yanta su fi girma a makonnin farko ba don gado ba. Idan da saiwa za ki dasa, ki raine su kaka ɗaya a yanayi ɗaya, sannan ki yanko guntaye masu gaɓa biyu da nauyi kusan ɗaya daga sabon tohon. Tukwane masu girma ɗaya, ƙasa ɗaya, zurfin ruwa ɗaya, a jera da ƙuri'a a rukuni huɗu ko biyar, da layin tukwanen kariya a gefe da ba za a auna ba.

Lambu ɗaya bai isa ba. Fure a ciyayi da yawa yana bin tsawon yini, don haka tsiron da aka ɗauko daga nesa da ikwaita yana iya yin fure da wuri a lambun da ke kusa da ita, ya yi jinkiri a wani. Ki yi lambu biyu a wurare masu bambancin tsawon yini, ki sa nisan asalin kowane gungu daga ikwaita da ninkin kuromosom ɗinsa a cikin lissafi, in ba haka ba za ki jingina wa nahiya abin da na waɗannan biyun ne.

Tunda za ki tara zuriyar nahiyoyi uku a wuri ɗaya, ki tsare su da kyau. Tukwane su zauna a kan siminti ko leda mai kauri, ruwan da ya fita ya bi ta rariya, a rubuta ranar fure sannan a rufe kan da jakar takarda ko a yanke shi kafin garin fure ya tashi, a ƙarshe a dafa saiwa da ƙasar tukwanen a otokilef a digiri 121 na aƙalla minti 30, ko a ƙone su.